Gidan da ke zuwa a naɗe, na bulo, ko na laka: wanne ya dace da mai fili a Maraɗi?

Ƙanena yana sayar da kayan masarufi a babbar kasuwa, kuma ya shekara huɗu yana biyan haya a unguwar Zariya, shi da mai ɗakinsa da 'ya'ya biyu. Bara Allah ya hore masa fili a bayan gari, murabba'in mita 300, ba komai a kansa sai tumfafiya da duwatsun iyaka guda huɗu. Wata rana bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida ya miƙo mini waya.

"Yaya, dubi wannan ka gaya mini gaskiya."

Bidiyo ne. An sauke wani farin akwatin ƙarfe daga mota, ƙarti huɗu suka kama gefe da gefe suka ja, akwatin ya buɗe kamar an baje tabarma. Kafin ka ce kwabo ga ɗakin kwana biyu, ga falo, ga makewayi har da famfo. A ƙasa an rubuta dala 5,000. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

"Mi zai sa in shekara uku ina tara bulo," in ji shi, "alhali ga gida cikin wuni guda?"

Tambayar ba ta wauta ba ce, duk wanda mai gidan haya ya taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa ran biyar ga wata ya san haka. Na ce ya ba ni mako biyu. Ga abin da na baje masa.

Da farko, gidajen nan da ake ƙerawa a masana'anta ba iri ɗaya ba ne. Akwai kwantenar jirgin ruwa da ta gama aiki, a yanka mata ƙofa da taga. Ƙaramar, mai ƙafa 20, tsawonta mita 6 ne, faɗinta bai kai mita biyu da rabi ba, wato cikinta kusan murabba'in mita 14. Ɗakinmu na huɗu-huɗu ya fi ta fili. Babbar, mai ƙafa 40, ta ninka a tsawo amma faɗin yana nan yadda yake, in ka sa gadon amarya sai ka bi gefe a karkace. Ko ba komai a ciki, ƙaramar ta haura tan biyu. Sai irin na bidiyon, wanda akasari daga Sin yake zuwa: ginshiƙan ƙarfe, bangon kuwa falle biyu ne na siririn kwano da aka cusa wa soso a tsakani, kaurin santimita biyar ko bakwai da rabi. Shi ne ake naɗewa. Na uku kuwa kullum muna wuce shi a bakin titi ba ma lura: shagon kwano da mai walda ke haɗawa a garejinsa a kai maka a amalanke. Shi ma gidan ƙira ne, suna ne kawai bai samu ba.

Kuma abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1949 wani Bafaranshe mai suna Jean Prouvé ya ƙera gida na alminiyam da ƙarfe a masana'antarsa da ke kusa da birnin Nansi, aka loda shi gunduwa-gunduwa a jirgin sama aka kawo Yamai aka haɗa. An yi shi ne don ma'aikatan mulkin mallaka da suka rasa muhalli. Mutumin ya san aikinsa: rufi biyu ya yi masa da iska ke ratsa tsakaninsu, da baranda kewaye. Duk da haka uku kawai aka kafa, ɗaya a Yamai, biyu a Barazabil ta ƙasar Kwango a 1951, domin da aka buga lissafi ya fi ginin da magina ke yi a nan tsada. Wajen shekarar 2000 aka kwance su aka mayar Turai, kuma a 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a birnin New York kan kusan dala miliyan biyar. Gidan da aka yi don a samu sauƙi ya ƙare a hannun masu tara kayan tarihi.

Dalilin da ya kada Prouvé har yau yana nan. A Amurka da Turai, abin da ke cin kuɗin gini shi ne ladan ma'aikata, don haka in inji ya yi aikin mutum goma an samu rangwame. Mu a nan akasin haka ne. Magini da lebura suna da sauƙi, abin da ya tsallako teku shi ne mai tsada. Gidan masana'anta yana rage maka abin da dama ba ya cin kuɗi, ya ƙara maka wanda ke ci.

Farashin da ke jikin bidiyo kuwa na bakin ƙofar masana'anta ne. Daga nan sai kuɗin jirgin ruwa, sai na tasha. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa suka bar hanyar Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da jira. In sun iso Yamai akwai sauran tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Maraɗi. Ga duwan, ga harajin kaya na kashi 19 cikin ɗari. Ga mota mai ƙugiya da za ta sauke shi, in ma za ta iya ratsa yashin unguwarku ba ta kafe ba. Ga daɓen siminti da za a ɗora shi a kai. Makewayin nan mai sheƙi kuwa ado ne har sai ka haƙa masa rami ka jawo masa ruwa. Amma mu bar duk wannan, mu tsaya kan dala 5,000 ɗin kaɗai. In aka ce dala tana sefa 600, miliyan uku ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi sai ya yi kusan shekara shida bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa kuɗin akwatin, tun bai bar ƙasar Sin ba.

Abin da ya fi damuna ma ba yawan kuɗin ba ne, yadda ake biyansu ne. Gidan masana'anta dunƙule yake so, gaba ɗaya, tun kafin ka gan shi, ka tura wa mutumin da ba ka san fuskarsa ba. Kuɗin mutumin Maraɗi kuwa ba haka suke zuwa ba. Suna zuwa ne in an kwashi adashi, in an sayar da wake da gyaɗa bayan kaka, in kasuwar salla ta yi kyau. Ginin bulo ya dace da wannan numfashin. Ɗakin huɗu-huɗu mai tsayin mita uku yana cin bulo kusan 550 in an cire ƙofa da taga. Yau ka sayi siminti buhu biyar a buga maka, ka jera a fili. Bulo ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ɗan'uwa ba ya zuwa rancensa. Tulin bulon da kake gani a filayen bayan gari asusu ne. A watan Oktoban 2024 ma gwamnati ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin ɗari, kuma simintin Malbaza da wanda ke shigowa daga Najeriya duk suna nan a kasuwa, ba sai ka jira jirgi ba. Illar bulo ɗaya ce babba: mai bugawa ya ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma yi rowar ban ruwa. Irin wannan bulon in ka murza da yatsa sai ya zube kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Ka tsaya a kan aikinka, ko ka tsayar da wanda ka yarda da shi.

Sai zafi, wanda a garin nan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Afrilu da Mayu ma'auni yana haura 40 kwana da kwanaki. Ƙarfe yana ɗaukar zafi ya miƙa shi ciki kusan ninki hamsin na yadda ƙasa ke yi, saboda haka kwantena tsirara, wadda ba a yi wa rufin ciki ba, tanda ce kawai. Ka tambayi duk mai shagon da ke wuni a cikinta me ya sa kujerarsa take waje. Amma a yi adalci: bangon soso na gidan da ake naɗewa yana tare zafi fiye da bulo mai rami. Ɗakin bulo da aka rufe da kwano ba silin, irin wanda yawancinmu ke haya, ya fi shi azaba da tsakar rana. Matsalar na soson ita ce ba shi da jiki. Ɗakin ƙarami ne, rufin a kusa da kai, an kuma tsara shi ne da nufin na'urar sanyaya ɗaki za ta yi ta aiki. Da an ɗauke wuta, zafin da ya shigo ta gilashin taga ba shi da inda za ya ɓuya sai jikinka. Alherinsa ɗaya, da dare yana hucewa da wuri.

Laka kuwa halinta daban. Bango mai kaurin santimita 40 yana shanye zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i masu yawa yake isowa ciki. Shi ya sa soron kakanninmu ke da sanyi da azahar kamar bakin randa, da dare kuma a bazara ya riƙa amayar da abin da ya sha, kowa ya ja tabarma tsakar gida. A hunturu wannan ɗumin shi ne rahama. Maganin da ya haɗa su duka ukun ɗaya ne, kuma ba tsada: rufi na biyu a sama, da tazara yadda iska za ta ratsa. Shi Prouvé ya yi. Shi kuma Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a 2001, inda ya ɗaga kwano sama da rufin tubalin ƙasa. A 2022 ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya. Duk gidan da ka zaɓa, ka sa kuɗin wannan rumfar a lissafi.

Wata tambaya da dillali ba zai so ka yi ba: wane irin soso ne a cikin bangon? Farin nan mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ake tallafe firji da shi a kwali, shi ne mafi araha, kuma wuta na kama shi ya narke da baƙin hayaƙi mai guba. Akwai wanda ake yi da zaren dutse, ba ya cin wuta, amma ya fi nauyi da tsada. A gidan da ake hura gawayi, ake turaren wuta, yara na wasa da ashana, wannan ba abin da za a bar wa sa'a ba ne.

Inda gidan ƙarfe ke ɗaga kai shi ne damina, kuma ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya manta ruwan ƙarshen watan Agustan 2024, da ya kashe aƙalla mutum 15 a Maraɗi cikin yini guda, ya rusa gidaje, akasarinsu na laka. A daminar ta 2024 kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, tsohon masallacin Damagaram ma ya faɗi. Tsofaffi kuma suna ba da labarin ambaliyar gulbi ta 1945, wadda ta cinye tsohon gari har aka hauro tudu aka sake shata unguwanni. Mutumin da ya kwana yana tare ruwa da buhun yashi yana jin bango na tsagewa, in ya ce ya gama da laka, ba ka da bakin ba shi haƙuri. Ƙarfe ba ya jiƙa ya zube. Sai dai shi ma yana da nasa: iskar farkon damina da ke yaye kwano tana iya jijjiga gida marar nauyi in ba a ɗaure shi da daɓensa da ƙusoshi ba, robar da ke toshe mahaɗar naɗin tana bushewa a rana ta tsage ta fara yoyo, in ruwa ya kwanta a ƙarƙashi tsatsa ta kama ƙafafun.

Na je wurin wani dattijon magini da ya gina gidan mahaifinmu, na same shi yana duba wata katanga da ta faɗi a unguwarsu. Na ce, "Baba, laka ta ba mu kunya." Bai ce komai ba, ya tsuguna ya sa ɗan makulli ya ƙwaƙule gindin ragowar bangon. Ƙasar ta zubo kamar gari, sama kuwa ƙam.

"Ka gani, ɗana? Ba ruwan da ya sauko daga sama ke kada gini ba, wanda ya kwanta a gindinsa ne. Wannan a kan yashi aka ɗora ta, ba tushe. Indararon ma gajere ne, a jikinta yake zuba."

Ya kuma nuna mini wani ɓawon siminti da ya ɓalle faifai guda. Siminti da laka ba sa riƙe juna. Yaɓen yakan saki daga ciki, ruwa ya shiga ta tsaga ya ɓuya a baya yana cin bango, kai kana ganin waje sumul. Magabata da makuba suke shafe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, kuma kowace shekara kafin ruwa ana bin gida da yaɓe. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: laka tana son kulawa duk shekara, in ba za ka iya ba kada ka fara.

Amma lakar yau ba lallai ta zama ta jiya ba. Tushen dutse da siminti, da layi uku ko huɗu na bulo mai kyau kafin a ɗora tubali, ya kawar da rabin matsalar. Akwai tubalin da ake matsewa da inji: jar ƙasa da ɗan siminti, kashi biyar zuwa takwas cikin ɗari, a danne a rufe a riƙa yayyafa ruwa har ya yi ƙwari, ba a gasa shi. Da shi 'yar ƙasar nan Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka gina rukunin gidajen Niamey 2000 a 2016, da sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa a 2018. Kada dai a ruɗe ka cewa kullum ya fi bulo araha. Tudun Maraɗi yashi ne, ƙasar da ta dace sai an ɗauko ta da mota, lakar fadama ma a cikin gari ba kyauta ba ce, mai amalanke ne ke yanka mata kuɗi. Akwai kuma gini marar katako, wanda aka fara gwadawa a Cikal ta yankin Filinge a 1980, inda ake lanƙwasa tubali ya zama rufi da kansa, ba azara ba kwano. Yanzu da giginya ta yi wuya azara ta zama kayan masu hali, wannan dabara ce mai kyau, kuma ba ta yi nisa da bakan gizon da maginan Hausa suka sani tun da ba. Ɗakin ba ya wuce faɗin mita uku da 'yan kai a irin wanda ake yi a Burkina, amma ana jera wani a gefensa in iyali ya ƙaru. Sharaɗinsa magini da ya koya a hannun gwani. Rufin ƙasa mai nauyin tan da yawa a kan 'ya'yanka ba wurin koyon aiki ba ne.

Duk wannan lissafin ma mai ɗakin ƙanena ce ta taƙaice shi. Da aka nuna mata bidiyon ta kalla sau biyu ta ce, "To Yaya, a ina zan yi daka? In baƙi maza sun zo, ta gaban gadona za su wuce?" Ƙaramin gidan Bature an yi shi ne don mutum ɗaya ko biyu da ke rayuwa a cikin ɗaki. Mu rayuwarmu a tsakar gida take: girki, wanki, shanya, tumaki, barcin bazara, taron suna. Gida a wurinmu katanga ce da zaure da rumfa da makewayi can nesa da madafa, ɗakuna kuwa ana ƙara su ne yadda iyali ke ƙaruwa. Ko an ba ka akwatin kyauta, fili mai mita 15 da 20 yana buƙatar katanga mai tsawon mita 70, kuma bulonta ya fi na ɗaki uku. Wannan ba ya cikin bidiyo.

Ka kuma tuna ranar gyara da ranar sayarwa. Ɗakin bulo ko na laka, kowace unguwa akwai wanda zai gyara shi kafin azahar. Fallen bangon soso in ya lotse ko ɓarawo ya farke shi da almakashin kwano, a ina za ka samo irinsa? Gidan bulo a kan fili mai takarda yana ƙara daraja, ana ba da shi haya, ana gadonsa. Na ƙarfe kuwa halin mota gare shi, tun ranar da aka sauke shi yake raguwa.

To wa ya kamata ya saya? Wanda ƙasar da zai zauna a kai ba tasa ba ce. In aron fili aka ba ka, ko haya, ko takardarka ba ta fito ba kana tsoron a ce ka tashi, gidan da za ka ɗauka ka tafi da shi ya fi maka wanda za ka bari a baya. Haka mai shago, mai kantin magani, ofishin kamfanin da ke aikin hanya, ɗakin mai gadi, ko ɗakin shan magani a ƙauyen da ake buƙatarsa kafin damina. Haka bayan ambaliya, ko inda 'yan gudun hijira suka sauka, kamar yadda dubbai suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato zuwa jihar nan tun 2019. A nan sauri shi ne komai. In kana cikin waɗannan, kada ka tura ko sisi sai ka ga irinsa da idonka wanda ya ci damina biyu a ƙasar zafi, ka shiga cikinsa da ƙarfe biyu na rana, a kuma rubuta maka farashinsa ajiye a filinka a Maraɗi. Kafin nan ka tambayi mai waldan unguwarku nawa zai haɗa maka kwatankwacinsa. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Wanda kuwa yake da fili nasa da takarda a hannu, kamar ƙanena, ban ga dalilin da zai kai shi Sin ba. In filin kwari ne ko hanyar ruwa, ya yi bulo tun daga ƙasa har sama, ya ɗaga daɓe, ya sa silin. In tudu ne kuma ya samu magini na ƙwarai, tushen siminti da bangon ƙasa mai kauri zai fi masa sanyi da sauƙin aljihu. Abin da ya dace a ƙera a gareji a kawo, wato ƙofa, taga da ƙarafan rufi, a ba masu walda.

Filin ƙanena tudu ne. Ya fara da rami da katangar gabas, inda ruwa ke bugowa, Baba magini ya zuba masa tushen ɗaki biyu, ƙofofin suna jingine a zaurena suna jiran a kai linta. Bidiyon dai bai goge ba. Shekaranjiya ya ce mini yana cinikin wata tsohuwar kwantena da zai mayar ma'ajiyar shinkafa da taliya a bayan shagonsa, ya riga ya tambayi kuɗin zana da itacen rumfar da zai kafa mata a kai.